Jifan Da Ba A Ga Mai Jifa Ba

Abin da yayana ya fara faɗa da aka sauko da shi daga Keke Napep a ƙofar gidanmu da ke Dogo Nini shi ne, "Wani ya jefe ni." Bai ce ya faɗi ba, bai ce ya yi tuntuɓe ba. Cewa ya yi an same shi da dutse a sharaɓar hagu, ta ɓangaren ciki, har ƙarar ya ji, tas, kamar an karya busasshen kara. Ya waiga bayansa a fusace, bai ga kowa ba sai wani mai shayi yana hura wuta. Da ya zo taka ƙafar sai ta ƙi. Mai keken da ya tsaya ne ya tallabe shi ya kawo shi gida, aka miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ja kekensa ya tafi.

Ranar Alhamis ce cikin watan Janairu, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Potiskum har ba ka gane mai tahowa sai ya matso. Shekarar Yaya 46. Sana'arsa sayen shanu a kara ranar Laraba, ya loda su a tirela zuwa Legas. Wata 4 kafin nan aka auna shi aka ce jininsa ya fara hawa, ya riƙa motsa jiki, shi kuwa in ya kama abu ba ya yi masa riƙon sakainar kashi. Daga tafiya ya koma sassarfa, daga sassarfa ya koma gudu bayan sallar Asuba. A Legas ya taɓa ganin gudun fanfalakin da ake yi tun 2016, yawanci a watan Fabrairu, ya ga masu furfura cikin 'yan tseren kilomita 10, ya ce bana da shi za a yi.

Ni na naɗe masa ƙafar wando. Zatona na farko yaran unguwa ne masu harbin tsuntsu da danƙo, don haka tabon dutse nake nema. Ban same shi ba. Fatar lafiya lau take, babu ƙujewa, babu ɗan ƙullutun da dutse kan bari. Dutsen da zai durƙusar da ƙato irin Yaya, mai riƙe igiyar bijimi da hannu ɗaya, ba zai wuce bai bar shaida a fata ba. Kuma wane yaro ne zai fito harbin tsuntsu a wannan sanyi, gari bai gama wayewa ba?

Matarsa ta ce a duba ko maciji ne. Wannan ba zancen wasa ba ne a ƙasarmu; kububuwa na ɓarna daga nan har Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Muka haska ƙafar da tocila tun daga yatsu har bayan gwiwa, babu gurbin haƙori. Muka duba dasashinsa, babu jini. Kunama kuwa in ta harbi mutum, ko yana tsaye ko yana kwance raɗaɗin ci yake yi kamar wuta. Na Yaya ba haka yake ba: in ya kwanta ya saki ƙafar sai ciwon ya lafa, in ya tashi ya nemi sa diddige a ƙasa sai ya ƙwalla ƙara. A kan yatsu yake ɗingishi, gwiwa a lanƙwashe. Amsar na cikin wannan tafiyar tasa, amma babu wanda ya gane a cikinmu. Wani maƙwabci ya ce ɗaurewar tsoka ce irin ta 'yan ƙwallo, aka ba shi ruwa da gishiri. Ita kuwa ɗaurewa minti kaɗan take yi ta saki, musamman in an miƙe ƙafar. Wannan miƙewar ce ma ba ya so, kuma har azahar abin na nan.

Inna ba ta ce komai ba sai da kowa ya gama. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. Ta dubi bango ta ce, "Yaron nan ya ce an jefe shi, kun duba ba ku ga dutse ba. To, jifa iri nawa ne?" Ɗakin ya yi tsit. Kowa ya san jiya Laraba Yaya ya yi cacar baki da wani abokin sana'arsa a kara, a kan wani bijimi da suka taya tare, har sai da dattawa suka shiga tsakani. Babu wanda ya ambaci mutumin, amma kowa shi ya kawo a ransa. Ban ga laifin Inna ba. Mutum mai hankali ya ce ya ji saukar abu, ya ji ƙara, ga shi kwance. In ido bai ga dutse ba, zuciya za ta nemo wani. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda cikin sa'a ɗaya zargi ya sami gidan da zai sauka.

Da la'asar aka kira maɗorin unguwa. Ya bi ƙwaurin da yatsu daga gwiwa zuwa idon sawu, ya ƙwanƙwasa, ya juya tafin ƙafar, sannan ya ce, "Ɗana, ƙashinka lafiya. Wannan aikin nama ne." Gaskiya ya faɗa, kuma shi ne na farko da ya kusanci amsar. Sai dai abin da ya biyo baya ya ƙara dagula mana lissafi. Ya sa aka tafasa ruwa, ya gasa sharaɓar da tsumma, ya murza ta da man zafi iya ƙarfinsa, ya kama yatsun ya danna su sama wai don naman ya koma mazauninsa. Yaya ya ciji filo. Kafin Isha'i sharaɓar ta kumbura ta ɗame kamar fatar ganga.

Juma'a da Asabar muka yi ta jira ko zai sassauta. Daren Lahadi matarsa ta kira ni, muryarta na rawa. A ƙarƙashin idon sawu, ta ciki, har gefen tafin ƙafa, fatar ta yi baƙi da shuɗi kamar an tsoma ta a baba. Wurin ba ya ciwo ko an danna. Ciwon yana can sama, fiye da taƙi guda daga nan, inda fatar ba ta sauya ba. Inna ta leƙa ta ce, "Ga shi nan yana tafiya." Aka fara maganar a ɗauko mai magani daga wani ƙauye.

A daren na kira wani abokina ma'aikacin jinya. Baƙin bai dame shi ba. Tambayarsa ita ce, "Yaushe ya dawo daga Legas?" Na ce daren Litinin, a motar haya. Ya ce, "Kada a ƙara barin kowa ya murza ƙafar nan. Da safe ku kai shi asibiti. In kuwa cikin dare ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi na yi masa wuya, kada ku jira gari ya waye."

Likitar da ta duba shi ta bar shi ya ba da labarinsa har ƙarshe. Da ya zo kan jifan sai ya yi ƙasa da murya, yana jiran a yi masa dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, yawancin waɗanda wannan abu ya samu haka suke faɗa. Wani ya ce an jefe shi, wani ya ce an shure shi, wani ya ce an maka masa sanda. Kuma sai sun waiga." Ta ce abu biyu ke sa mutum ya ji haka a bayan ƙafa: tsinkewar agara da yagewar tsoka. Akwai na uku da ke ɓuya a bayan kumburi irin wannan, shi ne mai kisa.

Ta fara da agara, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sharaɓa da diddige, wadda mahauci ke rataye rago da ita. Ta tambayi magungunan da ya sha a 'yan watannin nan. Ya lissafa na hawan jini. Matarsa ta tuna masa da zazzaɓin Disamba, wanda aka ce taifot ne, ya sayi sifro a kemis ya sha na kwana 10 ba gwaji. Likitar ta ajiye alƙalami. Sifro da danginsa suna raunana jijiya irin agara, har a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a takardarsu, cewa suna iya jawo tsinkewarta, wani lokaci watanni bayan an gama sha. Haɗarin ya fi ga wanda ya haura 60 da mai haɗa su da deksa ko danginta. A garuruwanmu kuwa duk zazzaɓin da ya kwana uku sai a ce taifot, a miƙa wa mutum sifro kamar alewa. Wannan ɗabi'a na damuna matuƙa.

Ta sa shi ya yi ruf da ciki, ƙafafu na reto a bakin gado. Ta matse sharaɓar dama, tafin ƙafar ya motsa da kansa. Ta koma ta hagu ta matse a hankali. Yaya ya yi nishi, amma tafin ya motsa. Gwajin ke nan, ba ya buƙatar na'ura. Wani likitan ƙashi ɗan Ingila, Simmonds, ya bayyana shi a 1957, wani Ba'amurke, Thompson, ya sake bayyana shi a 1962. In agara ta tsinke gaba ɗaya, duk yadda aka matse tsokar tafin ba zai amsa ba, don igiyar da ke jan sa ta yanke. Na ce ai tunda yana ɗingishi agara ba ta tsinke ba ke nan. Ta ce a'a, da yawa suna takawa da tsinkakkiyar agara saboda ƙananan jijiyoyin da ke taimakawa, shi ya sa ake kasa gane ta har lokaci ya ƙure. Ta Yaya dai tana nan daram. Sifro ya fita daga zargi, tare da gargaɗin kada ya ƙara shan sa sai likita ya rubuta.

Sannan ta ɗauko tef irin na tela. Ta auna santimita 10 ƙasa da ƙullutun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa, ta zagaye kowace sharaɓa. Ta hagu ta fi ta dama da santimita 3.5, ga ɗumi. Ta ce sai an yi hoto. A nan na gane tambayar abokina. Jinin da ya sauka ƙafa, tsokar sharaɓa ce ke matsa shi a duk taku tana tura shi sama, shi ya sa wasu ke kiranta zuciya ta biyu. Mutumin da ya zauna a takure cikin mota daga Legas zuwa Potiskum, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, yana ƙin shan ruwa don gudun fitsari, ya kashe wannan famfo yini da kwana. Jinin da ya kwanta yana iya daskarewa ya zama guda a jijiyar da ke can ciki. Gudan in ya ɓalle huhu yake nufa, kuma yana iya kashe mutum cikin mintuna. Na tuna hannun maɗori a kan tsokar nan ranar Alhamis, jikina ya yi sanyi.

Ba zargin banza ba ne. A 2002 mujallar Radiology ta buga binciken da aka yi wa mutum 141 waɗanda likitoci suka ɗauka tsokar sharaɓa ce ta yage musu. Da aka yi hoto, 14 daga cikinsu gudan jini ne kawai, babu yagewa, wasu 7 kuma gudan ne tare da wani rauni.

Na'urar ita ce dai wadda ake yi wa masu ciki sikanin da ita. Mai hoton ya faro daga matsematsi, ya bi bayan gwiwa, ya gangaro yana dannawa. Lafiyayyar jijiyar jini in an danna ta lotsewa take yi ta rufe. Mai guda a ciki ba ta lotsewa. Duk na Yaya sun lotse. Na ji likitar ta yi hamdala a hankali. Sai mai hoton ya karkata zuwa inda Yaya ke nunawa tun ranar farko, ya tsaya, ya ce, "Ga shi."

A allon wani baƙin layi ne mai tsawo tsakanin shimfiɗu biyu na nama. Likitar ta zana mana a takarda. Sharaɓa ba tsoka ɗaya ba ce. Akwai ta sama, wadda ke yin tudu in mutum ya yi ɗage, mai kai biyu, na ciki da na waje, duka sun kafu a ƙashin cinya, a saman gwiwa. Ƙarƙashinta akwai wata faffaɗa da ta kafu a ƙasusuwan ƙwauri, a ƙasan gwiwa. Su biyun suka haɗu suka zama agara. A ƙafar Yaya, wani sashe na kan ciki na tsokar sama ne ya ɓamɓare daga farin tantanin da yake manne da shi. Ƙarar da ya ji, da saukar dutsen, yagewar ce. Baƙin layin kuwa jini ne da ya kwanta tsakanin tsokokin.

Da haka batun baƙin idon sawu ya warware. Jinin da ya zuba can ciki bin tsakanin shimfiɗun nama yake yi yana gangara kamar ruwa a kwari, sai bayan 'yan kwanaki ya taru inda ƙafa ta ƙare ya bayyana. Inna ta faɗi daidai da ta ce yana tafiya. Jininsa ne ke tafiya. Ruwan zafi da murza da miƙewar dole a ranar farko kuwa buɗe ƙananan jijiyoyin da suka fara rufewa suke yi, shi ya sa kumburin ya ƙaru a daren Alhamis.

Su ma likitoci sun daɗe suna kama wanda bai ji ba bai gani ba a kan wannan ciwo. A 1883 wani likita mai suna Powell ya rubuta labarinsa a mujallar The Lancet, ya danganta shi da wasan tanis, har yau ana kiransa ƙafar tanis. Shekaru da dama aka ɗora laifin a kan wata 'yar siririyar tsoka mai jijiya kamar zare da ke bi tsakanin manyan biyun, wadda wasu mutane ma ba a haife su da ita ba. Sai da tiyata da hoto suka zo aka wanke ta. Cikin mutum 141 ɗin nan, 2 kacal ita ce ta tsinke musu. 94 kan ciki na tsokar sama ne, irin na Yaya. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa.

Saura tambayar da ta fi cin raina. Tsokar sama ta ratsa gaɓa biyu, gwiwa da idon sawu. In gwiwa ta miƙe sarai, yatsu kuma suka ɗago sama, an ja ta ta baki biyu har ƙarshenta. In a daidai wannan lokaci mutum ya yunƙura da ƙarfi, a nan take yagewa. Ta ƙasa, wadda masu dogon gudu suka fi fama da ita, ba kasafai take yin ƙara ba. A hankali take fara ɗaurewa kamar gajiya, ta yi ta ƙaruwa. To mutumin da ke gudunsa a tsanake, me ya kai shi yunƙuri? Likitar ta tambaye shi, ya ce, "Wallahi, Likita, gudu kawai nake yi."

Washegari da asuba na bi hanyar da yake bi. Ban kai minti 7 ina tafiya ba na isa, ke nan shi bai fi minti 4 da fara gudu ba, jiki bai ɗau ɗumi ba. Wurin 'yar hanyar rairayi ce da ta hau kwalta ta gefen wani kwalbati, da ɗan tudu. Mai shayin na nan. Muka gaisa, na sayi shayi, na tambaye shi. Ya tuna sarai. Ya ce mutumin ya zo hawa titi sai ga keke ya ɓullo daga cikin hazo ba fitila, ya danna hon, shi kuma ya yi wani irin tsalle gaba, yana dira ya waiga yana dafe da ƙafa. "Keken bai taɓa shi ba, da tazara," in ji shi. "Amma mai keken ya ɗauka shi ya buge shi. Ai shi ya kai shi gida." Na tuna kuɗin da aka ƙi karɓa.

Na tsaya a wurin na gwada. Ƙafar dama gaba a kan kwalta, ta hagu a baya, diddige ya nutse cikin rairayi, yatsu a kan tudu, gwiwa a miƙe. Ko ban yi tsalle ba na ji sharaɓata ta ɗame kamar tsirkiyar baka. Yaya bai yi ƙarya ba. Firgitar keken da zafin ciwon ne suka haɗu suka mantar da shi takun nan ɗaya. Da na faɗa masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Haka ne. Akwai keke."

Amma mutumin da ya shekara 20 yana dirowa daga tirela, yana kauce wa ƙahon bijimi, tsalle ɗaya bai isa ya kayar da shi ba sai in tsokar ta riga ta galabaita. Wannan likitan fisiyo ne ya tono shi, a sashen gashi inda aka tura mu. Ya karɓi wayar Yaya ya duba manhajar da ke ƙirga masa gudu. Har tsakiyar Disamba kilomita 15 yake yi a mako. Zazzaɓi ya cinye masa mako 2. Da ya ga Fabrairu ta matso sai ya tashi ramuwa: 28 a mako guda, 32 a na gaba. Likitan ya nemi ganin takalmin. Sabon saye ne daga gwanjo, a shafe kamar silifa, alhali tsohon yana da tudun diddige. Duk abin da aka rage a wannan tudu, sharaɓa ce ke biya. Ga tsayuwar yini guda a kara bayan zaman mota. Ya ce a gudu, tsokar ƙasa kaɗai kan ja ƙarfin da ya kai ninki 6 zuwa 8 na nauyin mutum a duk taku. Yaya kilo 80 ne. Ya yi lissafi da kansa ya ce, "Bijimi guda ke nan."

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce, "Alhaji, ƙafar nan ta taɓa ciwo?" Yaya ya ce a'a, sannan ya ce, "Sai dai shekara 2 da suka wuce." Wani sa ya fizge shi da igiya a kara, ya ji wurin ya ja, ya yi mako guda yana ɓoye ɗingishi. Matarsa ta ƙara da abin da bai faɗa ba: kwana 10 kafin ranar, duk asubar da zai yi gudu sai ya shafa man zafi a wurin ya haɗiyi dikilofenak kafin ya fita. Tsokar ta yi ta kuka, ana toshe mata baki. Masu binciken da suka tattara nazarce-nazarce kan raunin sharaɓa a 2017 sun sami abu biyu da suka fi nuna wanda zai kamu: yawan shekaru, da tsohon rauni a wurin. Yaya ya haɗa duka biyun.

Ya zaci za a ce ya kwanta wata guda. Likitan ya ce kwanciyar ce ma za ta ja masa lokaci. A 2017 an buga wani gwaji da aka yi a Kopenhegen ta ƙasar Denmak a kan 'yan wasa 50 da tsokar cinya ko ta sharaɓa ta yage musu: waɗanda suka fara atisaye kwana 2 bayan rauni sun koma wasa cikin kimanin kwana 62, waɗanda aka jinkirta zuwa kwana 9 sai da suka kai 83. Kwanakin farko ne kawai na lallaɓawa: a naɗe da bandeji ba matsi sosai ba, a ɗaga ƙafar, ƙanƙara a tsumma in ana son rage zafi, babu ruwan zafi, babu murza, babu miƙewar dole. Waɗannan kwanaki mun riga mun ɓata su.

Aka yanka masa soso mai tauri aka sa a diddigen takalma biyun don ya taka ba tare da tsokar ta ja ba, ana rage kaurin duk mako. Aka hana shi dikilofenak, aka bar masa farasitamol. Makon farko a zaune yake salla, domin tashi daga sujada da yatsu a kafe na ja masa wurin. Atisayen farko ma a zaune ne, ɗaga diddige da saukewa. Daga nan a tsaye da ƙafa biyu yana dafe da bango, sannan da ƙafa ɗaya, gwiwa a miƙe don tsokar sama, a ɗan lanƙwashe don ta ƙasa. A mako na 4 ya fara ɗora jarkar ruwa mai lita 25 a gwiwa yana ɗaga ta da diddige. Ya ari keken ɗansa yana zagaya unguwa don kada numfashinsa ya koma baya. Ɗan ciwon da ya lafa kafin washegari ba laifi. Wanda ya kwana ya ƙaru alamar an yi gaggawa ce. Sharaɗin komawa gudu kuwa, ɗage 25 a jere da ƙafar hagu kaɗai, tsalle a kanta ba ciwo, da tafiyar sauri ta minti 30 ba ɗingishi.

A mako na 2 abokin sana'ar nan da suka yi cacar baki ya zo dubiya da ledar lemo, ya zauna ya daɗe, ya ce shanun Yaya da suka rage yaransa ne ke ba su ruwa. Bai san abin da aka zata a ɗakin nan ba. Bayan ya fita Inna ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta yi istigfari, ta ce a bi shi da goro. Tun daga ranar ita ke zama a tsakar gida bayan Asuba tana ƙirga ɗagen da yatsunta, fuskarta na kallon wani gefe. "Saura 4, yaron nan."

Tseren Legas ya zo ya wuce yana kan ɗage 14. Ya cika 25 a mako na 8, sanyi ya tafi, zafin Maris ya fara. Ranar da aka ba shi izini na raka shi, da tsohon takalminsa. Muka yi tafiyar minti 10 tukuna, sannan gudu minti 1, tafiya minti 2. Da muka iso kwalbatin ya tsaya, ya bar keke biyu suka wuce, ya ɗaga wa mai shayi hannu, ya hau kwaltar da tafiya. Sai da ƙafafunsa biyu suka daidaita a kan titi sannan ya ce, "Mu je, ƙanena," ya ci gaba da gudu.